In Saƙo Bai Isa Ba, Ki Faɗa

Zuwa ga ɗiyata, mai sunan mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Uwata, bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa ki buɗe takardar nan kina zaune lafiya a ɗakin gwaggonki a Abuja, kin yi sallah, kin ci abinci, gajiyar hanya ta fara sauka. Na sa ta ƙarƙashin kwalbar yajin da innarki ta daka miki, don na san ko Ƙur'ani aka sa a jakar nan, bayan shi yajin za ki fara nema. Allah Ya tsare ki a inda kika sauka, Ya haɗa ki da mutanen kirki.

Tun ranar da aka kira ki aka ce kin samu aikin nan bakina bai rufu ba. Duk wanda ya kawo saƙo bencina a tashar Jega sai ya ji labari, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Har Arzika direba, abokina na tun ƙuruciya, ya ce mini, "Garba, rage dariyag ga, ƙuda za su shiga." Na ce su shiga, akwai wuri. Yarinyar da nake ɗorawa a mota kowace safiya zuwa karatu Aliero, yau ita ake kira daga Abuja. Alhamdu lillahi.

Amma na ga fuskarki ranar da kika karanta mana abin da za ki riƙa yi. Kin ajiye wayar kika ce, "Baba, wasu an ba su gina abin da mutane za su gani su yaba, ni kau kuskure anka ba." Na sa kika yi mini bayani, ga abin da na fahimta, in na karkace ki gyara. Mutum ya taɓa manhaja a wayarsa, wayar ta aika buƙata zuwa babbar kwamfutar da kuke kira saba, ita kuma ta mayar da amsa. In komai ya tafi daidai, shi ke nan. In abu ya lalace a tsakani, to ke ce za ki tsara abin da za a mayar wa mai aikowa. Da kika gama na sunkuyar da kai, kika ɗauka tausayinki nake ji. Dariya nake dannewa. Uwata, aikin ubanki aka ba ki. Ni ma abin da nake yi ke nan a tasha tun kafin a haife ki: mutum ya aiko saƙo, ni in ba shi amsa.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne wannan. Kin gado ni a cewa "ba komai". Na gan ki kin rubuta jarrabawa da zazzaɓi kina ce wa innarki lafiya lau. Yanzu kin yi nisa, ba na ganin idonki, abin da kika faɗa mini shi kaɗai zan sani. Ina tsoron halin nan ya ɓata miki aiki, kuma ya raba ni da sanin halin da kike ciki. To bari in ba ki labarin yadda ya yi da ni.

Farkon zamana a bencin saƙo, lokacin ba waya a hannun kowa, Malam Nomau na Gehuru ya kawo rago. An yi wa ɗansa haihuwar fari a Maiyama, shi kuma ya yi alkawarin ragon suna. Rago ne na gani na faɗa, fari tas, ƙaho ya nannaɗe. Muka ɗora shi a motar Arzika. Da yamma wani direba da ya dawo ta hanyar ya ce mini ya ga motar a gefen titi, an ɗaga bonet, Arzika na ƙarƙashi. Washegari sai ga Malam Nomau ya biyo ta tasha, yana murmushi, ya ce, "Garba, ragona ya kai?" Na dubi murmushin nan, na kasa ɓata shi. Na ce a raina ai Arzika zai gyara, yanzu haka ma ya kai. Na ce, "Ya kai lahiya lau, Malam."

Ashe motar ta ƙi tashi. Arzika ya ɗaure rago a gidan wani abokinsa a ƙauyen da ke kusa, ya tafi neman kayan gyara har Sakkwato. Ɗan Malam Nomau kuwa da ya ga shiru, ya ɗauka tsohon bai samu hali ba, kunya ta hana shi aikawa ya tambaya, ya nemo wata 'yar akuya. Ranar suna Malam Nomau ya iso da sassafe cikin babbar riga, ya zauna tsakiyar dattawa, ya gyara murya ya ce, "To, a hiddo ragon nan mutane su gani." Can aka jawo akuya.

Da ya dawo bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya tsaya gaban benci ya ce, "Garba, tumaki gare ni. Da ka ce mani bai kai ba, da na kama wani na ɗora bisa babur na kai da kaina. Ba rago nir rasa ba, labari nir rasa." Ragon ya isa bayan an watse, har ya ƙara ƙiba. Jaririn nan kuwa yanzu magidanci ne da gemu, amma har yau Ɗan Akuya ake ce masa a Maiyama, kuma duk ranar da ya biyo ta tasha sai ya ce in biya shi sunansa.

Kin ce mini a wurinku lamba ɗari biyu ita ce "ya isa", kuma akwai masu haɗiye kuskure su mayar da ɗari biyu don kada a ga ja a allo. Kada ki yi, ko wa ya sa ki. Wanda kika ce wa ya isa zai daina neman wata hanya, zai sa babbar riga ya tafi. In ba a ajiye abin da ya aiko ba, ki ce ba a ajiye ba, a lokacin, da lambar da ta dace. In kuma ke ma ba ki sani ba tukuna, ki ce an karɓa amma ba a gama ba. Wannan ma amsa ce, kuma ita ya kamata in ba Malam Nomau.

Bayan abin ragon nan sai na rantse ba zan ƙara ɓoye komai ba. Kin san ubanki, ba ya iya tsayawa tsakiya. Na koma mai zazzage ciki. Wata rana wani manomin albasa, Alhaji Dikko, ya zo tambayar buhunan takin da za a kai masa gona a Kuberi, ga su nan jibge ba su tashi ba. Tasha cike da mutane, ranar kasuwa. Na gyara zama na fara. Na ce motar Arzika ce za ta ɗauka, to tayarta ta baya ta suɗe, kuma ba shi da safaya. Na ce but ɗin ma ba ya kulluwa, da igiya yake ɗaurewa. Na ce shi kansa Arzikan ba ya wuce mararraba sai ya tsaya cin tuwo, ya bar mota bayan rumfa inda ba ya ganinta, shi ya sa kullum yake makara. Ina cikin zuba, ina jin daɗin gaskiyata, Alhaji Dikko ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ni dut ban tambaye ka wanga ba. In jira ko in tahi?"

Duk surutun nan, abin da ya zo nema ban ba shi ba. Wanda bai tambaya ba kuwa ya samu nasa, don a cikin masu saurare akwai mai dogon hannu. Ba a yi nisa ba aka kwance igiyar but ɗin nan a mararraba, Arzika na cikin rumfa yana ƙarin miya, aka sauke kayan mutane. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata. Sai da innarki ta dafa masa zabi na kai har gida, ya cinye tukuna, sannan ya ce, "Garba, ciki ba don tuwo ɗai anka yi shi ba." Na ce ya faɗa wa nasa cikin, tunda shi ya fara jawo mana.

Na tuna da wannan labarin ranar da kika nuna mini dogon rubutun da ke fitowa in manhaja ta faɗi, wanda kika ce yana nuna sunan kowane ɗaki na cikin aikin da layin da abin ya karye. Kika ce wasu suna barin ya fita haka nan har wurin mai aikowa. To wannan shi ne but ɗin Arzika. Mutumin kirki ba zai gane shi ba, ɓarawo kuwa zai gane. Ki adana shi a wurinku na cikin gida, inda ku masu gyara za ku duba, duka, kada ki rage ko harafi. Shi mai aikowa ki ba shi abin da zai yi aiki da shi: me ya faru a taƙaice, ya jira ne ko ya tafi, da 'yar lambar da zai ambata in ya kira ku, don ku gano tasa matsalar cikin ta jama'a.

Na ukun shi ya fi ba innarki dariya, don ita ta warware shi. Kin san Hajiya Kulu, ƙawar marigayiya mai sunanki. Ta kawo ƙullin ƙuli-ƙuli da kwalbar man gyaɗa ta ce a kai Giwa Tazo. Na ce wa za a ba? Ta ce, "A ba Muhammadu." Jikanta ne. Direba ya isa Giwa Tazo ya leƙo ta taga ya ce, "Ina Muhammadu?" Wani ya ce ga ni, ya karɓa, ya yi godiya. Bayan kwana biyu Hajiya ta zo ta ce yaro ya aiko bai ga komai ba.

Ni na san inda matsalar take. Garin da za ki jefa tsakuwa ta faɗa kan Muhammadu, ta yi tsalle ta faɗa kan wani. Amma ta yaya zan dubi ƙawar uwata in ce ita ta yi kuskure? Kara ta hana. Na durƙusa na ce, "Laihinmu na, Hajiya, ki yi haƙuri, ki sake aikowa." Ta sake soyawa, ta sake aikowa, da sunan nan dai. Wani Muhammadun ya karɓa. Ta dawo, na sake ɗaukar laifi, har da yi wa direba faɗa a gabanta don ta ji sanyi. Direban yana kallona kamar na taɓu. Da aka yi na uku na ba innarki labari muna cin tuwo, ina jiran ta yaba mini ladabi. Ta ajiye cokalin miya ta ce, "Kai ko ka tambaye ta wane Muhammadu?"

Washegari na tafi har gida na tambaya. Ashe yaron ba wanda ya san shi da Muhammadu a Giwa Tazo sai kakarsa, kowa Bawa tela yake ce masa. Hajiya ta riƙe haɓa ta ce, "Garba, ashe barina kay yi ina ciyad da Muhammadun Giwa Tazo gaba ɗai? Mi ah hana ka hwaɗa mani tun ran hwarko?" Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ɗauki muciya ta bi ni har zaure. Daga baya ɗaya daga cikin Muhammadun ya zo Jega takanas ya yi mata godiya, ya ce bai taɓa cin ƙuli mai daɗin nata ba, yana tambaya ko an daina ne.

Uwata, na ɗauka ladabi nake yi, ashe wahalar da tsohuwa nake yi a gaban murhu. Kin ce lambobin ɗari huɗu na nufin gyaran yana hannun mai aikowa, na ɗari biyar kuma yana hannunku. Ki raba su da gaskiya. In kika ce naku ne alhali nasa ne, zai yi ta sake aiko abu ɗaya yana jiran ku gyara abin da ba ku da ikon gyarawa. Kuma kada ki tsaya a "akwai kuskure a abin da ka aiko". Ki nuna masa gurbin: suna ne bai cika ba, ko lambar waya ce ta yi gajarta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ɗaya gefen ma na taɓa faɗawa cikinsa, kada ki ɗauka kullum ni ne mai kara. Na taɓa ɗora buhun gero kan kwandon ƙwan zabi, da suka fashe na ce wa mai su bai shimfiɗa ƙaiƙayi sosai ba. Bawan Allah ya tafi yana zargin hannunsa. Wannan ba ta ba ni dariya, ko yanzu da nake rubuta ta. In naku ne ki ce naku ne, ki ce ya sake gwadawa an jima.

A da, a tasharmu kowane direba shi ke ba da amsar saƙon da ya ɗauka, ni sai in mai saƙo ya tarar da ni a benci. Wani ya ce sai haƙuri ya wuce. Wani ya hau rantse-rantse. Wani in ya hango mai saƙo sai ya zagaya bayan mai shayi ya ɓuya, mutum ya yi ta tsayuwa a rana ba eh ba a'a, wanda wannan ya fi kowanne ciwo. Ni ma na taɓa ɓuya a wurin, mai shayin ne ya tona ni. Mutane suka fara kai saƙonsu wata tasha. Sai shugabanmu na lokacin ya tara mu ya ce daga yau duk abin da ya samu saƙo, direba ya kawo wa Garba, Garba ne zai faɗa wa mai shi. Direbobi suka yi ta murna an sauke musu kaya, suna yi mini jaje. Ni ma na koma gida ina cewa abin da kika ce, kowa an ba shi mota, ni an ba ni baƙin labari.

Ga yadda ta kasance. Da amsa ta koma fitowa ta baki ɗaya, da tsari ɗaya, mutane suka san inda za su tsaya da abin da za su ji. Ko yaro aka aiko zai iya kai amsata gida ba ta canza ba. Kin ce tsarin da kuke gina aiki a kansa yana da wuri irin wannan, inda kowane kuskure ke biyowa kafin ya fita, ko daga wane ɓangare ya taso. To ki riƙe wurin nan da hannu biyu. Kada ki bar kowa ya riƙa ƙera tasa amsar, wannan da doguwa wannan da gajera. Kuma ki tanadi amsa har ga kuskuren da ba ku taɓa zato ba, don shi ne ke zuwa ranar kasuwa.

Yau a Jega in na ce wa mutum saƙonsa ya isa, ba ya kiran waya ya tabbatar. Ya san da bai isa ba da na faɗa. Malam Nomau da kansa, kafin ya rasu, ba ya ba kowa saƙo sai ni, ya ce wanda ya sha kunya irin tawa ba zai ƙara ba. Da wannan bencin na ciyar da ku, da shi na samu gaisuwar da nake samu a masallaci. Saboda haka ki shiga ofishin nan da fara'arki. Wanda ya ba ki wannan aikin, ko ya sani ko bai sani ba, amanar gidan ya ba ki.

Saura magana ɗaya, kuma ita ta fi yi mini wuyar rubutawa, ga shi har biro ya fara gardama. Jiya da kike ɗaure kaya kin tsaya a ƙofar zaure kika ce, "Baba, tahiyata ba ta dame ka ba?" Na ce ba komai. To ba gaskiya na faɗa miki ba, kuma ba zan yi ta yi miki wa'azi shafi bayan shafi in bar wannan a haka ba. Ta dame ni ƙwarai. Na yi murna har ƙasan zuciyata, kuma ina jin gidan nan zai yi mini faɗi. Ba wanda zai ƙara ƙwace mini rediyo, ba wanda zai ce shayina ya yi sukari. Na shiga ɗaki bayan kin koma ɗaurin kayanki na daɗe ban fito ba, innarki ta gani ta yi kamar ba ta gani ba.

Wannan daga wurina yake, ba daga wurinki ba. Ba abin da kika yi ba daidai ba, ba kuma abin da za ki gyara. Kada ki dawo saboda shi, kada ki rage murnarki saboda shi. Ki zauna ki yi aikinki. Na faɗa miki ne don ki ga ana faɗa, kuma ba a mutuwa. Ranar da taki ta zo, ko ciwo ne, ko aiki ya ƙi, ko wani ya ɓata miki, ko kewar gida ce kawai, ki kira ni ki faɗa yadda take, tun da sauran abin da uba zai iya yi. In ma ba abin da zan iya, zan ji, zan yi addu'a, in kuma san inda ɗiyata take.

Innarki na gaishe ki, ƙannenki na gaishe ki. Ki gaishe da gwaggonki da mutanen gidanta. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya tsare fitarki da shigarki, Ya sa albarka a hannunki da abin da yake rubutawa. Allah Ya ba ki harshen da zai faɗi gaskiya da taushi, Ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Garba na bencin saƙo, Jega.